'Ya'yan Ɗinya Ashirin da Biyu

Ranar da aka wayi gari babu dashen ɗinya a layin yashi na gandun dashe, tun rana ba ta yi zafi ba unguwa ta gama yanke hukunci: Dogo mai ban ruwa ne. Ba wanda ya ga Dogo ya tsinki ko ganye ɗaya. Amma mutumin da ya taɓa yin shekara uku a gidan yari, ba a wahalar nemo shaida a kansa, tuna masa kawai ake yi.

Sai Manajan gandun dashe ya aika a kira Mai Sawu.

To, duk wanda bai san Mai Sawu ba baƙo ne. Shekara saba'in da 'yan kai, bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa aka rubuta a bango sai ya wuce bai gaishe shi ba. Shi ƙasa yake karantawa. Maciji ya sare shi sau biyu, mota ta taɓa kifewa da shi, rijiya ta rufta yana ciki, yunwa ta kwashe tsararrakinsa ta bar shi tsaye. Bai taɓa sa takalmi ba, don a faɗarsa tafin ƙafarsa ya san ƙasa iri tara, kuma ba zai rufe wa malaminsa ido ba. Saniya ta ɓata, shi ne. Yaro ya ɓata, shi ne. Idan ya ce sawu ya shiga gidan nan, to ya shiga, ba a sake magana.

Ya iso gandun da sandarsa, mutane suka dare. Wuri ne da aka kewaye da waya a bayan tashar mota, da rumfar raga, da sito, da layukan baƙaƙen ledoji. Malama mai gwajin iri tana tsaye da littafinta a ƙirji, idanunta sun yi ja.

"Sannu da zuwa, Baba."

"Yauwa, 'yata. Share hawayenki, an kira wanda ya kamata. Faɗa mini da baki, kar ki buɗe mini takarda."

Ta faɗa masa. Ƙwallayen ɗinya ɗari da ashirin ta shuka, duk daga tsohuwar ɗinyar bakin unguwa wadda iska ta kayar bara, mai 'ya'ya manya kamar babban yatsa. Ta raba su layi huɗu, talatin-talatin: yashin rafi, garin katako, baƙar ƙasa, sai ƙasa da taki. So take ta gane a cikin wanne ƙwallon ya fi saurin tsirowa, don a samu a raya irin bishiyar kafin ya ƙare.

"Na taki biyu suka fito, sauran sun ruɓe. Baƙar ƙasa takwas. Garin katako goma sha huɗu. Yashi ashirin da biyu, Baba. Ashirin da biyun nan aka kwashe. Me zan ce wa Inna? Matarka ce fa ta kawo mini kwandon ƙarshe da hannunta, ta ce a ƙofar gidan mahaifinta bishiyar take."

Mai Sawu ya tsuguna. Abu uku ya gani. Hanyar da ta bi tsakanin layuka an jiƙa ta sharkaf tun daga rumfa har bakin ƙofa, ko sawun kaza babu. Ledoji takwas da ba su tsira ba suna nan ba a taɓa su ba. Sauran kuwa ba a yaga ko ɗaya ba, an zazzage su, an ninke, an jera, an ɗora dutse a kai.

Ya ɗebi yashin da ya zube ya murza, ya kai hanci. Ƙauri ya ji.

"Wannan wa ya ƙona shi?"

"Gasa shi nake a rabin duro kafin in zuba, don ƙwari da irin ciyawa su mutu."

"Kun ji ko! Yashi ma sai an soya shi kamar gyaɗa. Boko dai ba ta da aikin yi."

Aka yi dariya, ban da Malama. Manaja ya karkaɗa makullansa.

"Baba, ni ban ga abin bincike ba. Wa ke riƙe da ruwa a nan? Dogo. Wa ya jiƙa hanya? Dogo. Don girmanka na bari. Daga nan zuwa la'asar, in ba ka kawo mini wani ba, 'yan sanda zan kira. Da tarihinsa, ba zai ƙara ganin titi da wuri ba."

*

Dogo yana zaune a cikin sito a kan buhun taki, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Mutum ne mai shekara arba'in, marar yawan magana.

"Dogo, an tashi lafiya?"

"Ka gan ta dai, Baba."

"Yaushe ka zo?"

"Gari na wayewa. Na buɗe ƙofa, na tura kurar ruwa zuwa famfo. Layi ya yi tsawo. Na dawo na tarar da haka."

"Ka bar ƙofa a buɗe?"

"Kullum haka nake bari."

"To me ya sa ka jiƙa hanya?"

"Ƙura."

"Ƙura? Shekaranjiya aka yi ruwa har kwata ta cika. Ni za ka gaya wa ƙura?"

Dogo ya miƙe ƙafarsa ɗaya, ya juya ƙasan takalmin sama.

"Duba, Baba. Wancan karon ma shi ka duba."

Mai Sawu ya kau da kai kamar an watsa masa barkono. Domin akwai abin da ya binne shekara goma sha ɗaya, wanda ko matarsa bai faɗa wa ba.

Shekara goma sha biyu da suka wuce an sace injin ban ruwa a wani lambu. Mai Sawu ya bi sawun takalmi mai facin taya a dunduniya, mai zane kamar ƙashin kifi, har layin su Dogo. Aka fito da takalmin Dogo, zane ya yi daidai. Mai Sawu ya rantse a gaban alƙali, aka ba Dogo shekara uku. Bayan shekara guda, ran kasuwa, yana tafe yana kallon ƙasa kamar yadda ya saba, sai ya ga ƙashin kifi. Ya ƙara gaba, ga wani. Kafin ya kai rumfar masu nama ya ƙirga mutum shida masu sawu iri ɗaya. Ya bi su a baya har gindin wani mai gyaran takalmi, ya tarar da shi yana yankan faci daga tsohuwar taya guda, duk wanda ya zo ita yake yanka masa. Mutumin da bai taɓa sa takalmi ba, ina zai san haka? Ya koma gida ya kwana uku bai ci abinci ba. A rana ta huɗu aka zo kiransa neman wata saniya, ana ta yi masa kirari a ƙofar gida. Ya tashi ya bi su. Daga nan bakinsa ya rufe.

"Ba takalmi na tambaye ka ba," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Wa ka gani?"

"Ban ga kowa ba."

"Za su tafi da kai fa."

"Na san hanya, Baba. Kai ka nuna mini ita."

*

Ya fara da Kafinta, wanda ke kawo wa Malama garin katako. Duk unguwa ta san ya yi ta cika baki cewa layinsa ne zai ci, da yashi ya wuce shi har ya daina gaishe da Malama. Shagonsa na bakin layi, ga bencin da dattawa ke zama da yamma.

"Sarkin ƙusa, ina ka taka da safen nan?"

Kafinta ya ɗago ƙafarsa daga bayan teburi. An naɗe ta da bandeji ta yi kamar kabewa.

"Ga inda na taka, tun ran Talata. Ƙusa mai inci huɗu. Bayan gida ma sai an riƙa ni. In kana neman ɓarawo mai tsalle da ƙafa ɗaya, to ka same shi."

"Allah ya sawwaƙe. Amma ka yi fushi da yashin nan."

"Ni? Ai fushina bai kai rabin naka ba, tsoho. Wata guda kana zaune a bencin nan kana wa'azi. Wai itace ba ya rayuwa a yashi, wai yarinyar nan kashe jikokin ɗinya take, wai kafin sati biyu duk za su bushe. Har rantsuwa ka yi da sarar macijinka. Da ba don na san ba ka iya sata ba, da kai zan nuna."

Mai Sawu ya yi dariyar da ba ta wuce haƙora ba, ya wuce.

Daga nan sai wurin Mai Dashe, wanda ke sayar da mangwaro da gwaiba da lemo a ledoji a bakin titi. An ce an gan shi jiya yana leƙe ta waya. Mai Sawu ya bi kayansa leda-leda, ya ɗaga tamfol, ya leƙa bayan rumfa. Babu ɗinya.

"Kawu, ka gama?" in ji Mai Dashe. "Leƙe kam na yi, sana'ata ce, ido ba ya haƙuri. Amma bari in koya maka aikina, tunda kai ma kana koya wa mutane nasu. Da ni ne, da leda zan ɗauka gaba ɗaya. Wa ke cire jaririn dashe daga ledarsa ya bar ledar? Ai ka kashe kaya. Kuma an ce an ninke ledojin an ɗora dutse?"

"An ninke."

"To ka taɓa ganin ɓarawo mai ninki? Wannan ba ya son yashin ne, amma yana tausayin ledar Malama. Ka nemi mai kirki, Kawu, ba ɓarawo ba."

Maganar ta tsaya wa Mai Sawu a rai. Rana ta take tsaka. Ya ce bari ya je gida ya jiƙa maƙoshi, ya sake tunani.

*

Ya yi sallama ya shiga. Taku uku ya yi a tsakar gida ya tsaya cak.

Tsakar gidansa jar ƙasa ce, dandaɓaɓɓiya, shekara arba'in ƙafarsa tana gaishe ta. Yau kuwa kusa da randa wani abu ya yi masa ƙaras-ƙaras a tafin ƙafa. Bai duba ba tukuna. Ya tsaya yana kallon bango, yana roƙon Allah ya sa tsufa ne ya fara taɓa masa ƙafa. Sannan ya sunkuya, ya dangwala yatsa, ya kai hanci.

Ƙauri.

Duk faɗin garin nan, mutum ɗaya ce ke gasa yashi.

Sawun bai yi wahalar bi ba, yaron goye ma zai bi shi: ɗigo-ɗigon yashi daga randa, ya zagaya bayan ɗaki, ya tsaya a gindin akurkin kaji. Can ya same su. Tsohon baho, fasasshen bokiti, tukunya mai huji, kwanonin da aka daina ci a ciki, duk an cika su da baƙar ƙasa an cakuɗa da kashin kaji sabo, har wari na tashi. A ciki 'ya'yan ɗinya ashirin da biyu, kowanne da ganye bibbiyu, an yi musu inuwa da tsohon zane. Rabinsu sun riga sun langaɓe kai.

"Ka gan su?" in ji wata murya a bayansa. "Da na so sai sun murmure in nuna maka."

Matarsa ce, da buta a hannu. Shekara arba'in da bakwai suna tare, har yau Amarya yake ce mata, ita kuma ta ce masa Malam duk da bai san ko baƙi ɗaya ba.

"Amarya, me kika yi?"

"Me na yi? Abin da ka ce. Kullum ka dawo sai ka ce yarinyar nan za ta kashe su a yashi, yunwa za ta cinye su. Jiya da bakinka ka ce saura kwana uku. Malam, a gindin bishiyar nan aka yaye ni. A gindinta ka fara tsayar da ni kana ta ƙarya wai ka kashe kura da hannu. In zauna 'ya'yanta su mutu ina kallo? Na je da safe na tarar da ƙofa a buɗe. Ledarta ma ban taɓa ba, na ninke mata."

"Ai sai ki tambaye ni!"

"In tambaye ka me? Ka riga ka faɗa. Shekara arba'in da bakwai ban taɓa jin ka faɗi magana ka dawo ka ce ba haka ba ne."

Ya rasa inda zai sa idonsa. Ya tsuguna ya tona gindin ɗaya a hankali. Saiwar, wadda ya kamata ta zama fara, bakinta ya fara yin ja kamar an ɗiga mata ruwan zafi.

"Wa ya gan ki?"

"Dogo. Mun yi kiciɓis a ƙofa, baho na kaina. Ya ce, Inna, sannu da aiki, ya matsa mini na wuce."

"Yana sito a kulle. La'asar za a ba da shi ga 'yan sanda."

Butar ta faɗi daga hannunta. Ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta yi kuka ba. Ɗaki ta shiga ta fito da mayafi.

"Tsaya," in ji shi. "Tsaya mana in yi tunani. Zan iya cewa sawu ya ɓace. Zan iya cewa awaki ne. Mu mayar da su ta bayan waya, ba wanda..."

"Awaki masu ninke leda?" Ta dube shi, irin kallon da bai taɓa gani a idonta ba. "Malam, sau ɗaya ka yi wa yaron nan shiru na yi maka shiru. Ba zan yi na biyu ba."

"Wane shiru?"

"Kwana ukun da ka ƙi cin abinci. Ka ɗauka barci kake yi? Taya kake ta kira, taya, taya, mutum shida. Ni matarka ce, ba bango ba."

Mutumin da rijiya ta rufta da shi ya fito yana dariya, ranar sai da ya dafa akurkin kaji kafin ya iya miƙewa.

"Ba ni rabin awa," ya ce. "Ki biyo ni da su. Amma ni zan fara magana."

*

Kafin la'asar rumfar raga ta cika. An kawo Kafinta a bayan keke, ƙafarsa a miƙe. Mai Dashe ya zo, masu shayin tasha sun zo, matan layi sun tsaya a bakin waya. Aka fito da Dogo. Manaja yana riƙe da waya a hannu, ya riga ya nemo lambar 'yan sanda.

Mai Sawu ya tsaya a tsakiya ya dogara sandarsa. Da can irin wannan wuri shi ne abincinsa. Sai ya ja magana, ya zaga, ya sa kowa gumi, sannan ya nuna mutum da sanda. Yau bai zaga ba.

"Kafinta ba ya iya zuwa bayan gida, balle sata. Ku cire shi."

"Na gode da tallar," in ji Kafinta.

"Mai Dashe da shi ne, da leda zai ɗauka. Ku cire shi. Saura Dogo. Dogo ya jiƙa hanya, gaskiya ne. Ya ɓoye sawu, gaskiya ne. Amma ba nasa ya ɓoye ba."

"Na wa?" in ji Manaja.

"Malama, ban da ke, wa ke gasa yashi a garin nan?"

"Babu, Baba."

Ya kwance bakin rigarsa ya zazzage mata ɗan yashi a tafin hannu. Ta shinshina, ta ɗago ido.

"A ina ka samo?"

"A tsakar gidana."

Sai ga Amarya ta shigo da baho a ka, maƙwabta biyu na biye da ita da bokiti da tukunya. Ta sauke a gaban Malama, ta durƙusa, tsohuwa a gaban sa'ar 'yar cikinta.

"Tashi, Amarya," in ji Mai Sawu. "Jama'a, hannu nata ne, amma ni na aike ta. Wata guda ina zaune a benci ina cewa yashi zai kashe su. Ban taɓa shuka ɗinya ba. Ban taɓa tambayar yarinyar nan dalili ba. Na ga takarda a hannunta ne kawai, raina ya ƙi. Matata ta yarda da ni, laifinta ke nan. In za a kira 'yan sanda, ga ni."

Malama ba ta ma saurare shi ba. Ta riga ta zube a gaban bahon tana tona da yatsu.

"Wayyo, Inna, kashin kaji sabo! Ai wuta ne. Ƙwallon nan da guzurinsa yake zuwa, ba abinci yake nema yanzu ba, iska yake so da ruwan da zai wuce. Sai ya yi ganye huɗu nake mayar da shi ƙasa mai ƙarfi. Dogo, ruwa! A wanke saiwoyin, maza!"

Dogo ya yunƙura zai tafi. Mai Sawu ya tare shi da sanda.

"Saura ɗaya. Ku tsaya, kar kowa ya tafi." Ya dubi jama'a. "Injin ban ruwan da aka ɗaure mutumin nan a kansa, ba ni da shaidar shi ya ɗauka. Facin takalmin da na rantse a kai, rabin kasuwa na da irinsa, taya ɗaya aka yanka musu. Na gane haka yana da shekara guda a ciki. Saura biyu. Na yi shiru don kar a ce Mai Sawu ya yi kuskure. Shekara tara da fitowarsa kuna ɓoye kayanku in ya wuce, ni na jawo masa."

Wata mata a bakin waya ta yi salati. Manaja ya mayar da wayarsa aljihu a hankali, kamar mai ɓoye abin kunya. Kafinta, wanda bakinsa ba ya mutuwa, ya sunkuyar da kai yana kallon bandejinsa.

Mai Sawu ya juya ga Dogo. "Ka ji. Yanzu faɗa mini, don me ka rufa wa gidana asiri? Gidana fa."

Dogo ya dubi Amarya.

"Ba gidanka na rufa wa ba, Baba. Da nake ciki, uwata ba ta da kowa. Inna ce ke kai mata abinci kullum, rana ba ta taɓa faɗuwa ba tare da ta je ba. Da ciwo ya kwantar da ita, Inna ce ke juya ta. A hannunta ta cika, saura wata biyar in fito. Ni kuwa in bari a kira Inna ɓarauniya a bakin tasha? Gara in koma."

Mai Sawu ya dubi matarsa. Shekara biyu tana fita da kwano a lulluɓe, yana tambaya tana cewa gidan 'yar'uwa za ta. Shi da ke gane sawun ɓera a kan dutse, bai taɓa bin sawun da ke fita daga ƙofarsa ba.

"Ka yafe mini, Dogo."

"Nawa, na shekara uku, zan duba, Baba. Ba yau ba. Na tsohuwa kuwa, ta mutu tana tambaya ko da gaske ɗanta ɓarawo ne. Wannan ba a hannuna yake ba." Ya ɗauki garwa biyu, ya miƙa masa ɗaya. "Riƙe. Suna mutuwa muna surutu."

*

Goma sha uku suka rayu. Tara sun tafi, Malama ta rubuta su a littafinta, ta ja layi, ta ce gwajin bana ya lalace amma iri bai ƙare ba. Ranar da suka yi ganye huɗu ta kira Amarya ta ba ta biyu, ta nuna mata yadda ake barin taki ya huce wata uku kafin ya kusanci saiwa.

Manaja bai kira kowa ba. Mutanen unguwa kuwa, da akuyar mai shayi ta ɓata bayan sati biyu, ba a aika gidan Mai Sawu ba. A bakin Kafinta ya ji labari. Bencin ma ya rage zama, in ya zauna kuma aka tambaye shi ko za a yi ruwa gobe, sai ya ce bai sani ba. Kafinta ya rantse tun da yake bai taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba.

Har yau Dogo bai ce ya yafe ba. Amma kullum gari na wayewa ya buɗe ƙofar gandu, yakan tarar da tsoho tsaye da garwa yana jira, ba ya kuma korarsa. Idan ka bi ta wurin kafin rana ta busar da hanya, ka duba ƙasa tsakanin layin yashi da na garin katako. Ba sai ka iya karatun sawu ba. Za ka ga takalmi mai facin taya a gaba, ƙafa ba takalmi tana bin sa a baya.